Wuƙar Burodin Baba

Yayana,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata ka sauka lafiya, ka kuma tarar da Anti da yara cikin ƙoshin lafiya. Mu nan ƙalau muke, in dai lafiyar jiki ake nufi.

Na zaɓi takarda ne don na san halina. In na kira ka a waya sai muryata ta ɗaga, kuma bango ɗaya ne tsakanin ɗakina da na Baba.

Injin yankan burodin da ka aiko ya iso, tare da saƙonka na a raba Baba da wuƙa. Mama ta bi umarninka, don ka tsorata ta da zancen yanke yatsa. Wuƙar tana ƙasan akwatinta, an lulluɓe ta da zannuwa kamar kayan sata.

Da alama ka manta yadda gidan nan yake, bari in tuna maka. Tun muna yara Mama ce ke kwaɓawa ta gasa, Baba ya yanka. Ba ya taɓa burodi sai ya huce sarai, domin mai zafi cikinsa bai gama kama jikinsa ba, wuƙa danne shi take yi maimakon ta yanka. In ya huce sai ya kwantar da shi ta gefe a kan katako, ya auna da babban yatsa, ya ja wuƙar a hankali kamar zarto. Kai ne mai ɗaga yankinka ka gwada da nawa kana neman dalilin kuka, ba ka kuwa taɓa samu ba. Tun da ya rufe shagon kafinta, wannan ne kaɗai aikin da ya rage masa na aunawa da yankawa.

Ranar tafiyarka mota na jiranka a waje, burodi ya fito daga tanda yana tururi. Baba ya ce a bari ya huce. Ka ce ba ka da lokacin wannan tsirfar. Ya yanka don ya faranta maka, burodin ya lotse, wani yankin kamar tafin hannu, wani kamar takarda. Sai ka zaro waya ka ɗauki hoto, ka tura wa dangi kaf, ka rubuta a ƙasa wai hannun tsoho ya gama aiki. Kawu ya kira yana yi masa sannu da jiki. Gwaggo ta aiko da man shafawa. A bakinsu ya ji abin da ɗansa ya faɗa a kansa.

Yanzu ba ya fitowa karin kumallo. A ɗaki yake shan shayinsa, farantin burodi ya dawo yadda aka kai shi. Injin naka ba shi da laifi, yankansa sumul kamar na kanti. Masu ci ne dai babu, sai ni da kajin maƙwabta.

Na san za ka ce tausayinsa ka ji. Garin neman gira ka rasa ido, Yaya. Ka zo hutu, ka ga faranti ɗaya, ka yanke hukunci, ka hau mota ka bar mu da mutumin da ya daina magana.

Gobe zan ciro wuƙar in mayar masa. Ba izini nake nema ba, sanar da kai nake yi.

Ka gaida Anti da yara.

Ƙanwarka,
Auta

*

Yayana,

Bayan gaisuwa, ina fata kuna lafiya, kuma zazzaɓin da ka ce ƙaramarku ta yi ya sauka. Allah ya ƙara sauƙi.

Amsarka ta zo. Na karanta inda ka ce wani dole ya faɗi gaskiya a gidan nan, tun da mu mun kasa. To, ga inda gaskiyar taka ta kai mu.

Na mayar masa da wuƙar. Mama ta gasa, muka bari ya huce, na ajiye katako a gabansa. Ya daɗe yana kallon wuƙar kafin ya ɗauka. Ya kwantar da burodin, ya auna, ya yanka.

Yankan bai daidaita ba. Ka ji daɗi, ka ci gari. Hannunsa yana rawa, kuma ba yau ya fara ba, tun bara ne. Ban rubuta maka haka a waccan wasiƙar ba don ba ka cancanci ji ba a lokacin. Kana tsammani mu da muke cin burodin kullum ba mu gani ba? Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Mama takan ɗauke masu kaurin ta ce ita yunwa take ji. Ni in tura karkatattun ƙasan faranti. Idonsa ya yi rauni, bai cika lura ba, ko kuma ya lura ya yi shiru kamar yadda muka yi. Bai taɓa yanke yatsa ba. Yana fitowa, yana yankawa, yana tsokanar Mama cewa gishirinta ya yi yawa, gida yana tafiya.

Wannan karon da ya gama sai ya jera yankan a tsaye, ya bi samansu da yatsa kamar yadda yake duba katako bayan an goge shi. Bai taɓa yin haka ba. Ya juyo ya tambaye ni ko sun yi daidai. Na ce sun yi. Ya tambayi Mama, ta ce sun yi, ta tashi ta shige kicin ta daɗe ba ta fito ba.

Ya dawo tebur, wannan kam an samu. Amma kullum safiya sai ya jera, ya shafa, ya tambaya, ni kuma in dubi idon mahaifina in yi masa ƙarya. Da can shiru kawai nake yi, shiru kuwa ba ƙarya ba ne. Wannan aikin kai ka ba ni shi, ban kuma yafe ba tukuna.

Jiya ya ce bai yarda da ni da Mama ba, wai mu tausayi ya yi mana yawa. Ya ce kai ne ba ka ɓoye masa komai. In ka zo ƙarshen wata zai yanka a gabanka, kai za ka faɗa masa ko hannunsa na nan. Har ya sa Mama ta ƙara kwaɓi don ya riƙa gwaji, ya kuma wasa wuƙar da kansa.

Saboda haka kada ka ce aiki ya riƙe ka, kada kuma ka aiko da wani abu a kwali. Ka zo da kanka. Zai jera su a gabanka, ya ɗago kai ya dube ka. Ni na riga na zaɓi amsata, kai ma sai ka zo da taka.

Mama tana gaishe ka. Baba ma ya ce a gaishe ka, sau biyu ya faɗa.

Ƙanwarka,
Auta