Tsohuwar Kwamfutata da Zanen Asibiti

Litinin, 2 ga Yuni

Sau uku ta mutu yau. Na ukun ina tsakiyar jan layin bangon baya, allon ya yi baƙi ƙirin, na zauna ina kallon fuskata a ciki.

Shekararta goma sha ɗaya a hannuna. Ranar da aka rufe ofishinmu na zanen gine-gine, shekara shida ke nan, Oga ya ce kowa ya ɗauki kwamfutar da yake aiki da ita ya tafi da ita gida, ita ce sallamar. Batirinta ya daɗe da mutuwa, sai da caja take numfashi. Murfin da salatif na ɗaure shi. Tun bara wani baƙin layi mai faɗin yatsa biyu ya sauko a gefen dama na allon, na saba leƙa aiki ta gefensa kamar mai leƙen taga.

Injiniya ya ba ni aiki, ƙaramin asibitin haihuwa, bene hawa ɗaya, na wata likita. Ƙarshen wata za a kai mata. Ni na koya wa Injiniya yadda ake fere fensir lokacin da ya zo ofishinmu koyon aiki. Yanzu a cikin duk waɗanda na sani shi kaɗai ke kirana. Na san tausayi ne. Na karɓa.

Laraba, 4 ga Yuni

Na kai ta wajen Dogo mai gyara. Shagonsa ƙarƙashin matakalar wani bene ne, idan ka miƙe tsaye kanka zai bugi siminti, ban san yadda yake yi da tsawonsa ba. Ya buɗe cikinta, ya hure ƙura, ya shinshina. Wai fankar ta gaji, kuma akwai wurin da ya fara ƙonewa a kan allon cikin. Zai iya lallaɓa ta, amma ba zai rantse ta kai wata ɗaya ba. Ya ce, "Baba, wannan ta yi maka abin da za ta iya. Ka bar ta ta huta."

Ya nuna mini wasu na hannu, masu kyau, ba su yi tsadar da na zata ba. Na tambaye shi ko manhajar da nake zane da ita za ta hau kansu. Ya duba sunan, ya yi dariya, da ya ga fuskata ya haɗiye dariyar. Masu ita sun daina yin ta tuntuni, ba ta hawa sabuwar kwamfuta ko wace iri ce. Kowa ya koma wata.

Na ce masa zan yi shawara. Babu wata shawara. Wannan manhajar kaɗai na iya. Shekarata hamsin da bakwai a duniya, yatsuna sun san inda kowane abu yake ko idona a rufe. Waccan sabuwar na taɓa buɗe ta sau ɗaya a wani ofis, na rasa ma inda ake jan layi, na yi kamar an kira ni a waya na tashi.

Jumma'a, 6 ga Yuni

Na ɗora ta a kan kofuna huɗu don iska ta shiga ta ƙasa, na kafa mata fankar falo. Ita tana shan iska, ni ina zufa. Awa biyu ta yi ba ta mutu ba.

Lahadi, 8 ga Yuni

Auta ta zo hutun ƙarshen mako. Shekarar ƙarshe take a jami'a, zanen gine-gine take karantawa, saboda ni, ko dai haka nake faɗa wa mutane. Ta tsaya a bayana tana cin gyaɗa tana kallon yadda nake aiki. Can ta ce a makarantarsu ko malamai ba su san sunan wannan manhajar ba, sai wani tsoho guda da ya kusa ritaya. Da wasa ta faɗa. Na ce mata da wannan manhajar aka biya kuɗin makarantar da take taƙama da ita, ta fita mini daga kan aiki.

Ta fita. Ba ta ci abincin rana da mu ba. Mamanta ta dube ni sau ɗaya kawai.

Talata, 10 ga Yuni

Injiniya ya kira. Likitar tana so ta ga ginin a tsaye a kan allo, ta shiga ɗaki-ɗaki kamar an riga an gina shi, haka ake yi yanzu. Ya tambaya ko tawa tana yin haka. Na ce tana yi.

Ba ta yi. Ban san me ya sa na faɗa ba.

Alhamis, 12 ga Yuni

Maman Auta ta shigo da tsakar rana ina aiki, ta zauna a hannun kujera, abin da ba ta saba yi ba. Ta ce ta yi magana da mai sayen keken ɗinki, tsohon nata na ƙafa da ba ta amfani da shi zai isa a sayi ta hannu a wajen Dogo. Ban san ma ta je wajen Dogo ba. Na fara kawo dalilai, cewa na hannu ba su da tabbas, cewa tsakiyar aiki ba a canja kayan aiki, cewa bayan an gama wannan za a duba.

Ta bar ni na gama tsaf. Sannan ta ce, "Malam, na san ba kuɗin ba ne. Tsoro kake ji."

Shekara talatin da aure ba ta taɓa gaya mini magana irin wannan ba. Na ce ta rufe mini ƙofa idan ta fita. Ta rufe a hankali, da ma ta buga ta da ya fi mini sauƙi.

Litinin, 16 ga Yuni

Benen sama ya tafi. Aikin kwana huɗu. Ta mutu tana tsakiyar ajiye fayil ɗin, da ta dawo ya ƙi buɗuwa, sai wasu haruffa marasa kan gado. Kwafin da na ajiye a filas na ranar Alhamis ne.

Na fita na zagaya layinmu sau biyu. Mai shagon kan kwana ya tambaye ni ko lafiya, na ce motsa jiki nake.

Talata, 17 ga Yuni

Daga farko kuma.

Asabar, 21 ga Yuni

Sauri nake yi, kuma na san sauri ba ya yi mini kyau. Bayan kowane layi biyar sai na ajiye. Ƙofofi da tagogi ba na zana sababbi, ina kwaso su daga zanen wani gida da na yi shekarun baya ina mannawa. Wuyana ya ƙage. Idona na hagu yana rawa. Idan fankar cikinta ta fara wannan kukan nata kamar injin niƙa, sai in ɗaga hannuwana sama in jira, har numfashi nake riƙewa.

Auta ba ta zo ba wannan makon. Wai karatu ya yi yawa.

Jumma'a, 27 ga Yuni

Na gama. Na buga a babbar takarda a shagon masu firinta, na naɗe. Ban sake dubawa ba, idona ba ya iya ɗaukar ko layi ɗaya. Ginin a tsaye da likita ke so kuwa babu shi. Zan ce lokaci ne ya ƙure.

Litinin, 30 ga Yuni

Zan rubuta yadda abin ya faru don kada gobe in gyara shi a raina.

A ofishin Injiniya aka haɗu. Teburi dogo, sanyin na'ura har cikin ƙashi, ni kaɗai na zo da takarda a naɗe a hammata. Likitar mace ce mai natsuwa, za ta yi sa'ar ƙanwata, ta gaishe ni da girmamawa. Da na ce ginin a tsaye bai samu ba, Injiniya ya dubi silin, ita kuma ta ce ba komai, ta iya karanta zane. Kuma ta iya. Ta bi shi da bayan biro ɗaki-ɗaki, ta yaba yadda na sa ɗakin jira yana samun iska ta gefe biyu. Har na fara jin daɗi.

Sai biron ya tsaya a ƙofar ɗakin tiyata. Ta tambayi faɗinta. Na sunkuya na duba. Santimita tamanin. Ƙofar ɗakin kwanan gidan mutane ce na manna a wurin.

Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Baba, gadon mara lafiya ba zai shiga nan ba. Mace tana zubar da jini, a ina za mu sauke ta, a baranda?"

Aka duba sauran. Ɗakin haihuwa haka, ɗakin jarirai haka. Kuma ba a iya faɗaɗa ta ɗakin tiyatar sai an matsar da ginshiƙi, idan aka matsar da ginshiƙi lissafin Injiniya na ƙarfe da kankare duk ya rushe.

Na buɗe baki na ce a kan allona lambar ta faɗo daidai ƙarƙashin wani baƙin layi. Gaskiya ne, na duba da na dawo gida, a ƙarƙashinsa take. Amma ina faɗa ina jin yadda maganar take a kunne. Mutumin da ya yi shekara talatin yana zane ba ya bukatar lamba kafin ya ga ƙofa ta yi ƙanƙanta. Ido kawai ya isa. Nawa bai gani ba.

Injiniya ya rako ni har bakin titi, ya riƙe mini takardar da kansa. Ya ce akwai wasu a ofis da za su ƙarasa, kada in damu, in huta tukuna, zai neme ni. Bai iya haɗa ido da ni ba. Na ce Allah ya saka da alheri, kuma da gaske nake.

Laraba, 2 ga Yuli

Ban kunna ta ba.

Asabar, 5 ga Yuli

Na gaya wa Maman Auta duka, har maganar likitar. Ba ta ce ai na faɗa maka ba. Ta tambaya ko na ci wani abu tun safe.

Abin da ke damuna ba aikin ba ne kawai. Da likitar ba ta iya karanta zane ba fa? Da an gina. Ina rufe ido sai in ga gado ya maƙale a bakin ƙofa, ma'aikata suna juya shi ta nan suna juya shi ta can.

Talata, 8 ga Yuli

Na danna maɓallin da safe, don kawai in ga. Fitilar ta yi ƙyaf sau ɗaya, wani wari kamar na ƙonannen roba ya taso. Shi ke nan.

Na zata zan yi kuka ko in yi fushi. Na kwashe kofunan na kai kicin.

Alhamis, 10 ga Yuli

Dogo ya ce babu abin gyarawa. Ya ciro rumbun ajiyarta, wani ɗan ƙarfe kamar akwatin ashana babba, ya sa a leda ya ba ni. Zanen gidaje sama da ɗari biyu, makarantu uku, kasuwa guda, duk suna cikin aljihun rigata, kuma babu kwamfutar da zan iya buɗe su da ita. Ya tambaya ko zan bar masa gangar jikin, akwai mai neman madannai irin nata. Haruffan da na fi dannawa duk sun goge, ban san wa zai so su ba. Na bar masa.

Jakar kwamfutar ba nauyi a hanya. Sau biyu ina taɓa ta in ji ko na yar da wani abu.

Lahadi, 13 ga Yuli

Auta ta zo. Mamanta ta gaya mata, na gani a yadda ta gaishe ni. Ban ba ta haƙuri ba, ban san ta inda ake farawa ba. Ta baza aikinta na ƙarshen karatu a falo, ɗakin karatu na unguwa, tana ta tsaki. Matakalarta ta ƙi sauka inda take so. Daga inda nake zaune na ga matsalar, tsayin benen ne bai rabu daidai da adadin takun ba. Kusan rabin awa ina kallonta daga kujerata. Wa zai karɓi gyara daga mutumin da ya sa ƙofar ɗakin kwana a ɗakin tiyata?

Daga baya na ɗauki fensir na yi mata lissafin a bayan ambulan, na tura gabanta. Ta duba, ta shigar a kwamfutarta, matakalar ta zauna daram. Ta ce kwana tara tana fama da ita. Na ce malamansu ba su da aiki.

Laraba, 16 ga Yuli

Babu wanda ya kira. Na gyara famfon banɗaki da ya shekara yana ɗiga.

Litinin, 21 ga Yuli

Auta ta koma makaranta tun safe ta bar kwamfutarta a kan teburi. Ta bugo waya wai mantuwa ta yi, sai Jumma'a za ta zo ɗauka, kuma ba ta sa mata makulli ba. Yarinyar da ko cajar waya ba ta mantawa.

Ban yi niyyar taɓawa ba. Ƙura na ga ta hau murfin.

Na sami inda ake jan layi bayan minti arba'in. Ba layi ma suke ce masa ba, bango ne kai tsaye, ka ja shi ya miƙe tsaye da kaurinsa. Na yi huɗu, ɗaya ya karkace, na rasa yadda ake goge shi, na bar shi haka. Rufin da na ɗora yana shawagi sama da ginin kamar mita biyu, ya ƙi saukowa. Aikin banza, ko ɗan aji ɗaya ba zai nuna shi ba. Ba koyo nake ba, zaman ne ya yi yawa.

Maman Auta ta shigo da faranti, ta ga teburin, ta juya ta shimfiɗa tabarma a ƙasa ta ajiye a can. Ni kuwa ban ɗago ba.

Abincin ya huce. Dole akwai inda ake saukar da rufin nan.