Mma, Ƙofa Uku ce Tsakani

Assalamu alaikum Mma, gaisuwa da ban girma daga 'yarki Azumi ta Sakasaka. Allah ya kai haske kabarinki.

Ƙara na kawo miki. Jikarki Rahina ta haifa mini ango, ƙato mai kai kamar tulu, ga ci ba sadaki. Amma tun da ya fito ƙugunta ya ƙi komawa daidai. Tafiya sai da bin bango, in ta yi tari fitsari ya zubo. Tukunyar kokon da take sayarwa kullum safe ta gagare ta ɗauka.

Duk abin da kika koya mini na yi. Wankan jego kwana arba'in, ruwan zafi har tana zagina a zuci, kunun kanwa, na tamke cikin da zane. Shiru.

Sau uku muna hawa yalo-yalo, keken nan mai ƙafa uku, zuwa ɗakin haihuwa. Su auna angona, su yaba kumatunsa, uwar kuwa a ce mata "haihuwa ce, zai wuce." Mma, har da farasitamol a leda!

Kin san wa ya cece mu? Alhaji Issaka maƙwabcinmu, wanda ɓarin jikinsa ya shanye. Shi ya ga tana ɗingishi ya ce mu gwada wajen masu gashin ƙashi da yake zuwa, fisiyo. Tsohon da bai taɓa naƙuda ba!

Wata yarinya a can ta ɗaura mata bel a ƙugu, ta koya mata matse ƙasanta tana saki, da tashi daga gado ta gefe, gwiwa a haɗe. Abokiyar aikinta ta ce a ɗora bahon wankan jariri kan tebur, a bar sunkuyo. Sati shida, Rahina ta koma bakin tukunyarta.

Na ƙirga, Mma. Daga ɗakin haihuwa zuwa wurinsu ƙofa uku ce. Uku! Na koma na tare babbar nas. Ba muguwa ba ce, ta ce a makaranta ba a nuna musu tura mai jego can ba, su sun ɗauka na masu karaya ne. Na ce to a kira yaran fisiyon nan su zaunar da su, ungozoma da nas duka. Ta ce za ta duba. Kowace Talata ina can da kujerata, ina taya ta dubawa.

Yanzu na gane abin da ya sa kike shanya zannuwa da yawa a bayan ɗaki, kike dafe ƙugu in za ki tashi daga sallaya. Kina cewa "ladan haihuwa ne." Ni ma shekara talatin ina ba yara labari ina danne dariyata, don kar zanina ya jiƙe.

Allah ya gafarta miki, ya ba ki ladan ninki. Rahina dai ba za ta karɓi nata a haka ba.

Taki mai bakin nan da kika sani,
Azumi