Kwalaben Ɗakin Baya

Litinin, 3 ga Maris

Auta ta zo, ba ranar da ta saba ba. "Baba, yau ɗalibarka ce ni, nuna mini kwalabenka." Tun rasuwar mahaifiyarta ba wanda ya taka ɗan ɗakin gwajin sinadaran da na haɗa a bayan gida bayan na yi ritaya. Na buɗe mata ƙofar.

Na nuna mata lambar da ke jikin takardar kowace kwalba, kashi uku, da ɗan layi a tsakani. Na ce suna yana canzawa, kowane kamfani da yadda yake kiran kayansa, amma lambar nan ɗaya ce duk duniya. Ko ruwan sha yana da tasa, 7732-18-5. Ta tuntsire da dariya. "Ashe har ruwa yana da katin shaida!" Ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana ɗaukar hoto da waya.

Laraba, 5 ga Maris

Na goge kantoci, na juyo da kowace lamba gaba, ko za ta dawo.

Asabar, 8 ga Maris

Ta kira, wai lambar ƙarshen nan ta mece ce. Na ce ita ke gadin sauran, in ka kwafa ba daidai ba lissafi zai tona maka asiri. Na yi ta zuba kamar ina gaban aji.

Talata, 11 ga Maris

Mota ta tsaya a ƙofa. Mutum biyu da safar hannu da takunkumi, Auta a bayansu, idonta a ƙasa. Kamfanin kwashe sinadarai masu haɗari. Ba su tambaye ni komai ba, ta ina za su buƙata? Lambobin sun riga su zuwa ofishinsu. Sun san wacce ke kama wuta, wacce ke cin fata, har da gangar da za a sa kowacce. Da bakina na yi musu jagora.

Na ce, "Ashe darasin ke nan?"

"Baba, da na tambaye ka, za ka yarda?"

Duk shekarun da na yi a ɗakin gwaje-gwajen makaranta ko ɗan yatsa ban ƙona ba. Yau ni ne abin tsoro.

Laraba, 12 ga Maris

Ta kira. Ban ɗauka ba.

Lahadi, 16 ga Maris

Kantoci wayam. Na shiga, na rasa abin da ya kai ni.

Alhamis, 20 ga Maris

Ina shara na tsinci wata 'yar kwalba a bayan ƙofa, ta tsere musu. Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Sai na duba. Takardar ta cinye, ba suna, ba lamba. Farin gari ne, ya dunƙule. Na daɗe zaune da ita a cinya, na kasa tuna ko mene ne a ciki. Ni!

Na ajiye ta a hankali, na kulle ƙofar, na wanke hannu da kyau. Na aika wa Auta saƙo: "Sun bar guda. Turo su."

Ban gaishe ta ba.