Mita Goma Sha Biyar a Katabu

Unguwar Shanu, Kaduna.

Zuwa ga Yayana Tukur,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kai da iyali kuna lafiya a can Fatakwal, Allah ya ƙara muku lafiya da rufin asiri. Mu nan jiki da sauƙi, hawan jinin Inna ma ya sauka, sai dai hankalinmu a tashe yake.

Yaya, maganar gidan Baba na Katabu ce, wanda ya zuba duk kuɗin sallamarsa a ciki. Ranar Litinin ma'aikatan gwamnati suka zo suka shafa wa bangon jan fenti, suka ce ginin ya ci hanya, nan da sati biyu za a rushe. Takardar filin cewa ta yi a bar mita goma sha biyar daga bakin titi. Malam Sabo magini kuwa, tun da ya fara aiki ƙafa da inci ya sani. Ya ja tef ɗinsa, ya ƙirga ƙafa goma sha biyar, ya kafa turke. Mita ɗaya ta fi ƙafa uku, don haka abin da ya bari bai kai mita biyar ba. Zaure da falo da ɗakin Baba duk suna kan hanya.

Ban ga laifin Malam Sabo ba. Ni na riƙe takardar ranar da aka fitar da harsashi. Ya tambaye ni nawa za a bari, na ce goma sha biyar, na koma mota ina gudun rana. Ni da nake wuni ina ɗaga wa 'yan aji huɗu murya kan santimita ɗari ne mita ɗaya! Wallahi kunya da baƙin ciki sun hana ni haɗa ido da Baba, kuma har yau ban faɗa masa ba.

Shi kuwa kullum da safe sai ya shiga mota a Kawo, ya je ya sake awo shi kaɗai, ko lissafin zai canza. Abinci ma ba ya ci. Jiya ya kai tabarma da buta ɗakin nasa na Katabu, ya ce wa Inna ranar da katafila za ta zo, a ciki za ta same shi. Ka san Baba ba ya faɗa ya fasa, kuma maganarka kaɗai yake ji. Don Allah ka taho kafin wa'adin ya cika, ka fito mana da shi. In ka zo zan gaya masa gaskiya a gabanka, ni kaɗai ba zan iya ba.

Ka gaida Anti Nafisat da Ilham da Sharhabil. Inna tana gaishe ku, ta ce kada ka tsaya neman tsaraba, ka taho kawai.

Ƙanwarka,
Kaltume.