Gammo a Tungan Maje

Ƙanena Sani,

Assalamu alaikum. Ya karatu, ya sanyin can? Ya Hajara da yara, da fatan tarin Ummi ya sake ta. Mu nan Abuja lafiya lau, alhamdu lillahi.

Ina sanar da kai a hukumance cewa yayanka ya yi murabus daga muƙamin Ministan Gammo.

Tun da gine-gine suka cinye gonakin doyar Tungan Maje, maza suka tafi fasa dutse, matan ƙauyen ne ke ɗebo wa gidan bulonka ruwa da yashi. A kafaɗa suke ɗauka, yadda matan Gbagyi suka gada. Ni da ilimina na ga ɓata lokaci ne, na sayo kwanon sarki da gammo, na ce daga yau a ka za a ɗauka.

Shugabarsu, Mama Ladi, ta dube ni ta ce, "Oga, mu ba ma ɗaukar kaya a ka, da shi muke tunani. In naka yana hutu, ga gammo nan."

Washegari babu wadda ta zo. Inji ya tsaya, ɗan kwangilar da ke jiran bulo ya fara zancen komawa wajen masu bulo na Dei-Dei. Sai da na je har gidanta na ba da haƙuri suka dawo. Bulo ya tafi a kan lokaci, gammon kuma kaji ke kwanciya a kai.

Ka gaida mutan gidan, a sa mu a addu'a. Da za ka tafi ka ce in sa ido kawai a gidan bulon, na sa baki. Na yi kuskure.

Yayanka,
Bala