Ruwan Tafkinmu Ya Koma Kore

Zuwa ga 'yata Mukarrama,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya a bakin tekun nan naku, Allah ya ƙara basira. Mu nan Taba lafiya lau, ƙafar Inna ma ta yi sauƙi. Na zaɓi rubutu ne don maganar ta fi ƙarfin waya a tsakar gida.

Tun ruwan farko tafkinmu ya koma kore kamar miyar kuka, kifi na ta tasowa a mace, ga wari. Babanki ya ce ruwa ba ya tsami banza. Ya haƙiƙance Bobbo ne ya zuba guba, Bafulatanin nan na rugar gabas, saboda sun yi cacar baki kan shayar da shanu. Samari sun ɗauka, har ana maganar tashin rugar. Ranar Juma'a za a zauna gaban dagaci, kuma wallahi tsoro nake ji.

Na tuna abin da kika nuna mini a kwamfutarki da Sallah, har ina tsokanarki wai kin haye ƙasashe don kiwon gansakuka. Kika ce tsirrai ne na teku da ido ba ya gani, iri-iri, manya da ƙanana. Kina ƙara musu abinci a lissafin da kwamfutar ke yi, sai manyan suka rinjayi sauran, allon ya koma kore. Kika ce in sun ruɓe sukan shaƙe kifi, kuma takin zamani ma abincinsu ne. To, gonar tumatirin babanki ce a saman tafkin, kin kuma san hannunsa da taki.

Na gwada faɗa masa, ya ce yaushe na zama likitar ruwa. Ke ce yake alfahari da karatunki a majalisa, ke kaɗai zai saurara. Na san teku daban tafki daban, in na yi kuskure ki gaya mini. In kuwa haka ne, ki kira shi kafin Juma'a, ko da zai yi fushi da ke. Yau Ummuhani matar Bobbo ta wuce ƙofarmu da ƙwaryar nono, na kira ta, ta ƙara sauri ba ta waiwayo ba.

Inna da takwarata Zulai suna gaishe ki. Allah ya tsare.

Gwaggonki,
Zulaihatu