Kada a Goge Sunan Rakiya

Zuwa ga mai girma Mushe Direkta, shugaban kwalejinmu da ke Filinge,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyalinka da malamanmu, ina neman gafara da na rubuto a fili. Sau biyu na zo ƙofar ofishinka, kunya ta maido ni. Yanzu na ji an ce ranar komawa lakwal, wato makaranta, za a goge sunan duk wanda bai yi jarrabawar ƙarshen shekara ba, kuma ƙawata Rakiya na cikinsu. Ta yarda in ba da labarinta, kakarta ma ta yarda.

Na farko, yadda abin ya faru. Rakiya ɗiyar wani ƙauye ce kusa da Tabla. Gidan gwaggona ta sauka don karatu, ɗakinmu ɗaya. Ciwon nono ne ya yi ajalin mahaifiyarta tun tana firamare, kuma ita ke riƙe ƙwaryar ruwa idan ana wanke gyambon. Bara, kowane wata idan al'adarta ta kusa, sai ƙirjinta ya yi nauyi da ciwo, kan nonon ya riƙa ƙaiƙayi. Ta yanke cewa ciwon uwarta ne ya biyo ta. Ta riƙa ɗaure ƙirji tamau da tsohon kallabi, tana goga kanwa a wurin, har fatar ta tsage. Ranar motsa jiki ta kasa gudu, aka ba ta sifili, aka sa ta durƙusa a rana. Ba wanda ya tambaye ta dalili.

Na biyu, darasin da aka tsallake. Al'adar mata tana cikin littafinmu na ilimin halittu. Da muka iso wurin, malaminmu ya rubuta lambar shafi a allo, ya ce kowa ya karanta a gida, ya wuce zuwa wani babi. Ban ce mugun mutum ne ba. Ɗan gari ne, rabinmu ƴaƴan abokansa ne, nauyinmu yake ji. Amma littafi ɗaya mutum biyar ke rabawa, kuma babu ɗiyar da za ta buɗe wannan shafi a tsakar gida gaban iyayenta.

Na uku, abin da ya biyo baya. Lokacin zafi kakarta ta zo ranar kasuwa, ta ga halin da take ciki, ta tafi da ita gida. Don ƙauna ta yi, ba ta son ta sake binne wata bayan uwar Rakiya. Aka kira wanzami ya yi mata tsaga a gefen ƙirji don a fitar da mugun jini. Tsagar ta ruɓe, zazzaɓi ya kwantar da ita. Ranar da muke rubuta jarrabawa tana kwance a kan tabarma, ba ta iya ɗaga hannu.

Na huɗu, abin da na sani a makare. Cikin hutun nan na raka gwaggona awon ciki, na daure na tambayi ungozoma. Ta ce kafin al'ada wasu sinadaran jiki suna ƙaruwa, sai hanyoyin nono su kumbura, jiki ya riƙe ruwa, shi ne nauyin da ciwon. Fatar kuma idan ta miƙe sai ta yi ƙaiƙayi. Zufa, sabulu mai kaifi da rigar nono ta leda ko mai matsewa suna ƙara shi. Ta ce yawanci yana lafawa da zarar jini ya zo. Wanda ake gaggawar kaiwa likita shi ne ƙulli da bai tafiya bayan al'ada, ko jini ko wani ruwa daga kan nono, ko fatar da ta sauya kama, ko ciwon da ya zauna gefe guda. Ta ce mai tarihin uwa irin na Rakiya gara a duba ta, hankalinta ya kwanta. Duk bayanin nan ta gama shi kafin gwaggona ta gyara ɗaurin zanenta.

Mushe Direkta, ni ma da laifina. Ni ma ina jin wannan ciwon kowane wata. Ina kallonta tana ɗaure kallabin, na san yadda take ji, ban taɓa buɗe baki na ce mata ni ma haka nake ba. Da na faɗa, wataƙila da ta gane ba ita kaɗai ba ce.

Ga roƙona. A bar Rakiya ta maimaita aji, kada a kore ta. Na kai ta wurin ungozomar, an duba ta, ba a ga komai ba sai tabon aska, kuma za a ba da takarda idan kana so. A koyar da darasin nan bana. Idan malami na jin nauyi, a ware ƴan mata a gayyato ungozoma. Sannan a sa malama ɗaya wadda ɗaliba za ta iya gaya wa damuwarta kafin a durƙusar da ita.

Shekaranjiya na je ƙauyensu, na iske ta tana noman gero tare da kakarta. Ta tambaye ni ko ta ajiye littattafanta ko ta ba ƙanwata. Na ce ta dakata tukuna. Amsarka nake jira in kai mata.

Allah ya ƙara maka lafiya da basira, ya raya maka zuri'a, ya sa ka gama aikinka lafiya.

Wassalam.

Ɗalibarka,
Balkisa, aji uku